Sa Hannun Manu Mai Sito

Duk wanda ya taɓa ɗaukar buhu a injin shinkafar Alhaji Sufyanu da ke Talata Mafara ya san Manu, kuma mafi yawa sun taɓa zaginsa a zuci. Shekara ashirin da biyu yana riƙe da makullin sito. Dogo ne siriri, in ya tsaya a bakin ƙofa sai ka ɗauka gora aka jingine. Makullin kuwa a mazagin wandonsa yake ɗaure, har 'yan dako suna cewa duk ɓarawon da ke son shiga siton nan sai ya fara da tuɓe Manu.

Sunan da suka sa masa Sai-da-Takarda. Ko Alhaji da kansa ya aiko a ba wani mudu biyar na sadaka, Manu zai gaida ɗan aiken, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙa hannu a ba shi takarda. An ce ko matarsa Taibatu ba ta ɗibar gero a gida sai ya rubuta. Wannan ƙarya ce, amma Taibatu ba ta taɓa ƙaryatawa ba.

A wata ruga kusa da Kaya ta ƙasar Maradun aka haife shi. Cikin 'ya'yan babansa shi ne bai iya kiwo ba, don haka shi aka tura firamare, kamar yadda ake kai saniyar da ba ta nono kasuwa. Ya gama aji shida ya gangaro Mafara yana dako. Alhaji Sufyanu ya lura akwai wani ɗan Fulani da ke ƙirga buhunan da wasu suka ɗauka alhali ba wanda ya sa shi, sai ya ce wannan ciwo nasa yana da amfani, ya ba shi makulli. Lokacin da ɓarayin daji suka fara, tun mutanen gari suna jin abin a rediyo, shanun baban Manu aka fara korawa. Saniya ɗaya ta dawo da kanta bayan kwana uku, mai farin goshi, ana ce mata Wule. Tsohon ya yi wata biyar yana kallonta, ya rasu ba tare da wani ciwo ba.

Manu yana da wata al'ada. Duk buhun da ya shiga sito sai ya yi masa alama a kusurwa da shuɗiyar tawada, da'ira da ɗigo a tsakiya. Jafaru direban kamfani yakan ce, “Bahillace ya rasa shanu, ya koma yi ma buhu shaida.” Manu yakan ce, “Buhu dai bai taɓa bin wani makiyayi ba.” A yi dariya. A lokacin irin wannan wasa dariya yake kawowa.

Sai Kamilu ɗan Alhaji ya dawo daga karatu a Kaduna da digiri da matsattsen wando, ya ce zamanin littafi da biro ya wuce. Ya kawo kwamfuta, ya sa mata manhajar lissafin kasuwanci, ya zaunar da Manu yana yi masa bayani. Fiddausi, akawun ofis, ita za ta rubuta takardar fitar da kaya. Amma takardar ba za ta fito ba sai Manu ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa ya danna amincewa. Kuma na'urar ba ta mantuwa: wa ya amince, wace rana, ƙarfe nawa, duk tana ajiyewa, ranar da aka so a buga rahoto.

Manu ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, “Tana karɓar na goro?”

“A'a, Baba.”

“Tana da ƙane? Ko suruki?”

“Ba ta da kowa.”

“To mun daidaita da ita.”

Kalmar sirrin da ya zaɓa sunan saniyar nan ce. Matsalar ɗaya, neman haruffa a madannai yana ɗaukarsa lokacin da za a iya dafa shinkafar a ci, motoci na jira. Don haka Fiddausi ke rubuta masa kalmar, shi kuma ya karanta takardar daga sama har ƙasa, ya yi bisimilla, ya danna koren gurbin da ɗan alinsa. Kamilu ya kuma ba shi babbar waya, ya riƙa shela a majalisa cewa yanzu mai sitonsu ko daga Makka zai iya sa hannu. Manu bai taɓa kunna wayar ba. Yana yawo da ita a aljihu ne don kayan kamfani ce, kada ta ɓata.

Fiddausi kuwa mijinta ya rasu a hanyar Jangebe shekara biyu kafin nan, an harbe shi a kan babur, ya bar ta da yara biyu, Hanifa da ƙanenta. Manu yana ce mata ɗiyata. Ita ce kaɗai a injin da bai taɓa yi wa tsawa ba.

Wata Alhamis bayan la'asar, yana dawowa daga Maradun inda ya je duba shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, aka tare motarsu. Mutum tara aka kora daji. In wani yana zaton Fulatancin Manu ya yi masa rana a can, to ya je ya duba bayansa. Da suka ji harshe a bakinsa sai suka ƙara masa duka, wai shi ne ya je ya zama mai gadin abincin mutanen gari. Suka karɓe wayar, suka sa masa sarƙa tare da wani malamin makaranta.

Ran Asabar motoci uku suka yi layi a ƙofar sito, takarda ta ƙi fitowa. Kamilu ya ce wa babansa abin mai sauƙi ne, a cire sunan Baba Manu a sa na wani, aikin minti biyu.

Alhaji ya dube shi ya ce, “Ka ga gawarshi?”

“A'a, Alhaji, ai na wucin gadi ne.”

“In ba ka ga gawarshi ba, kada ka taɓa sunanshi. Tabarmarshi na nan, butarshi na nan, sunanshi ma shi zauna. Ba a share mai rai a gidana.”

Maganar ta zaga gari, kowa yana sa wa Alhaji albarka. Da ta kai kunnen Taibatu sai da ta yi kuka, don ita ce magana ta farko da ta ji wadda ba ta yi kama da ta'aziyya ba. Fiddausi dama ta san kalmar. Kullum da safe sai ta shiga da sunan Manu ta danna, motoci su fita. Kamilu ya yi gunaguni kwana biyu ya manta.

Mutanen daji suka faɗi abin da suke so: kuɗi, da buhu talatin na shinkafa. Dangi da 'yan unguwa suka haɗa kuɗin, Taibatu ta sayar da gonarta ta gado a Bakura. Shinkafa Alhaji ya bayar, a ɓoye, don kai wa ɓarayi abinci laifi ne da ke iya sa a rufe inji a ɗaure mai shi. Jafaru ya ce zai kai, amma ba zai wuce shingayen hanya ba takarda ba. Aka rubuta: buhu talatin, zuwa Dosara ta ƙasar Maradun. Ita ma da sunan Manu ta fita.

A kwana na talatin da takwas Manu yana zaune a gindin wata kirya ya ga babura na shigowa da buhuna. Idonsa ya sauka a kusurwar na farko. Da'ira shuɗiya, ɗigo a tsakiya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa, ya samu ashirin da tara, har bakinsa ya buɗe zai tambayi ina ɗayan, malamin makaranta ya taka masa ƙafa. Ranar aka dafa, aka ba su a murfin tukunya, ba mai ba gishiri. Manu ya ce bai taɓa cin abin da ya kai ta daɗi ba. A kwana na arba'in da ɗaya aka sake shi.

Mako guda gidansa a cike da 'yan jaje. Da kumburin ƙafa ya sabe ya koma aiki, ya tarar da tabarmarsa a naɗe inda ya bar ta, butarsa a wanke. Aka gaya masa abin da Alhaji ya ce, ya shiga sito ya rufe ƙofa, ya daɗe bai fito ba.

Wata biyu bayan haka aka sake tare hanya, aka kashe mutum shida, huɗu 'yan Mafara. Gari ya ɗauki zafi. Dattawa da 'yan sa-kai suka kafa kwamiti, suka ce ɓarayi ba ƙasa suke ci ba, akwai mai kai musu. Duk mai sayar da hatsi ko fetur ko burodi ya kawo bayanin kayan da ya fitar ta hanyar Maradun cikin wata shida. 'Yan kasuwa suka kawo littattafai masu maiƙo da rubutun da ko mai shi ba ya iya karantawa. Alhaji yana Kano wajen sayen kayan gyaran inji. Kamilu kuwa ranar da ya daɗe yana jira ce ta zo. Ya buga rahoto shafi tara, fari tas, layi-layi: lambar takarda, kaya, inda za a kai, wanda ya amince, rana da lokaci. Ya sa a jakar leda ya kai da kansa, har da turare. Ba mugunta ya yi ba. So yake a ce ɗan Alhaji ya yi karatu.

Fa'izu shugaban 'yan sa-kai ne ya bi shafukan da yatsa. Ƙanensa yana cikin mutum huɗun da aka kashe, kuma shi da kansa ya zaga unguwa lokacin haɗa kuɗin fansar Manu, don haka ya san ranar da aka ɗauke shi da ranar da ya dawo. Tsakanin ranakun nan biyu ya ƙirga sunan Manu sau sittin da uku. Ɗaya daga ciki, buhu talatin zuwa Dosara, ba sunan mai saye. Wani ya ɗauki hoton shafin, ya zagaye layin da ja, kafin sallar azahar yana cikin kowace waya a Mafara.

Manu bai da irin wayar, don haka shi ne na ƙarshe da ya sani. Abin da ya fara lura da shi gaisuwa ce. Mutumin da yakan tsaya su yi ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina iyali, ina ɗan kwana biyu, sai ya ce “sannu” ya wuce yana duba ƙasa. A masallaci aka bar fili gefensa na dama wanda yaro zai iya tsayawa. Washegari da safe ya je teburin Sadi mai shayi, ya ji ana magana, da aka gan shi ba a ma yi masa karar yin shiru ba.

“Kwana arba'in cikin sarƙa, shina danna waya.”

“Sarƙar mai caji ce.”

“Hutu yat tahi ga danginai, mu munka biya kuɗin mota.”

Sadi ya zuba shayin ya tura masa ba tare da ya dube shi ba. Manu ya ce, “Sadi, mi ya hwaru?” Sadi ya juya masa fuskar waya. Manu ya karanta daga sama har ƙasa, yadda ya saba. Ya ga sunansa, ya ga rana, ya ga ƙarfe goma da minti bakwai na safe. A daidai wannan lokacin, in bai manta ba, ana cire wa malamin makaranta tsutsa a ƙafa.

Ranar da Alhaji ya dawo Manu ya same shi a zaure. Suka gaisa cikakkiyar gaisuwa, har ta fi ta kullum tsawo, don ba mai son ta ƙare.

“Alhaji, kalma guda za ka yi. Ka ce kai kas sa a bar sunana.”

“In na ce haka, za su ce wa yas sa a kai shinkafa.”

“Alhaji, shinkafar ni anka kai ma.”

“Na sani, Manu. Ni nib ba da ita.” Ya shafa gemu. “Mutum arba'in da shida ka cin abinci ga injin nan. In anka ruhe shi, ina za su? Ka ɗan yi haƙuri. Magana ta, za ta mutu da kanta.”

Ba ta mutu ba. Aka jefi ƙofar gidansa. Babbar 'yarsa ta dawo daga Islamiyya ta ce ba za ta koma ba. Kwamiti ya aiko ya zo ran Asabar da hantsi. Kowa a garin ya san abin da ke biyo bayan kalmar infoma, mai yi wa ɓarayi aiki a cikin gari, in ta manne wa mutum. Bara a wani ƙauye da ba shi da nisa, wata mai sayar da fura aka ce da ita haka, ba a kai ta gaban kowa ba.

Ran Juma'a da safe Kamilu ya kira shi ofis. Ya rame, matsattsen wandon ya yi masa yawa.

“Baba, akwai abin da ban buga ba. Rahoton yana da wani gurbi da na ɓoye don takarda ba ta da faɗi. Yana nuna daga wace na'ura aka danna.”

Ya taɓa wani abu, sabon layi ya fito a gefe. Daga sama har ƙasa, sau sittin da uku, abu ɗaya aka rubuta: Ofis 1.

“Ba daga waya ba ne. Daga kan teburin nan ne. In suka ga wannan ka fita.”

“Buga,” in ji Manu.

Na'urar bugawa ta fara gurnani. Sai a lokacin ya juya ya ga mai teburin. Kujera ɗaya ce a gaban Ofis 1, kuma duk Mafara an san mai zama a kanta. Fiddausi tana tsaye a jikin bango, ta cusa hannuwa cikin hijabi.

Ta ce, “Ka kai musu, Baba. Ni nid danna.”

Manu ya tsura mata ido, ta ci gaba.

“Ranar shinkahwar, Alhaji na nan, Jafaru na nan, Kamilu na nan. An rubuta takarda, kowa yat tsaya shina kallon ɗan'uwanai. Alhaji ya ce shi bai iya kwamfuta ba. Kamilu ya tuna shina da waya da zai amsa waje. Ni ko na tuna baban su Hanifa ba a ko tambaye mu shinkahwa ba.” Ta dube shi. “Na yi bisimilla awa yadda kake yi.”

Kamilu yana kallon takalminsa. Manu ya karɓi takardar tana da ɗumi, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun gaba.

Da ya nuna wa Taibatu bayan an sauko daga masallaci, ta riƙe takardar da hannu biyu kamar jariri. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta sa ya nuna mata gurbin, ta ɗora yatsa a kai.

“Alhamdu lillahi. Gobe ka aza musu ita gaba.”

“In na aza, yarinyar nan hwa?”

“Wace yarinya? Malam, ɗiyanka huɗu. Gonata ta tahi. An jehi ƙoharmu. Ita tana da Alhaji, shi tsaya mata.”

“Alhaji bai tsaya min ba, shekara ashirin da biyu.”

“To sai kai ka mutu don kowa shi zauna lahiya?”

“Ba wanda ya ce mutuwa.”

“Ni na ce. Ni ka jin abin da mata ka hwaɗi bakin rijiya.”

Ya karɓi takardar ya mayar aljihu. Gaskiyar magana, har ya fita gida ran Asabar niyyarsa ya nuna. Shi ba waliyyi ba ne, mai sito ne, kuma duk rayuwarsa abin da ya sani shi ne takarda ke raba gardama.

A wani ajin firamare kwamitin ya zauna, dattawa a kan bencin yara, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa. A waje samari sun fi hamsin, wasu da gora, wasu da abin da ya fi gora a ƙarƙashin riga. Da zai shiga ya hango Fiddausi can gindin dalbejiya, ita kaɗai mace a filin, ta goya ƙaramin, Hanifa na riƙe da gefen hijabinta tana cin rake. Ba wanda ya kira ta. Alhaji kuwa zazzaɓi ya kama shi tun asuba.

Fa'izu ya shimfiɗa shafin. Bai ɗaga murya ba. Idonsa ja ne irin na wanda ya daina barci.

“Baba Manu, ni niz zaga gida-gida saboda kai. Tsohuwata ta ba da kuɗin kazarta. Ina son ka gaya min abu guda. Wanga sunanka na?”

“Nawa na.”

“Wa yad danna? In kai na, mu sani. In wani na cikin gari, ka hwaɗi sunanai yanzu, yaran nan na waje su zo da shi.”

Manu ya sa hannu a aljihu. Ya ji kaifin ninkin takardar a yatsansa. Ta taga yana ganin Hanifa ta tofar da ɓawon rake, uwar ta sunkuya tana goge mata baki da gefen hijabi. Tsakaninsu da samarin bai kai taku ashirin ba.

Ya fito da hannun da hankici, ya share fuska.

“Ni nid danna. Wayar kamfani na aljihuna sadda anka kama ni. Sun aza min bindiga sunka ce in sa a kawo shinkahwa. Na sa. Direba takarda yag gani, ya bi takarda. Alhaji bai sani ba sai daga baya.”

Wani dattijo ya ce, “To sauran sittin da biyun?”

“Aikina na. Motoci na jira.”

Wani a baya ya yi dariya ta hanci, ya haɗiye ta. Abin takaicin shi ne sun yarda. Da wani ne ya faɗi haka da an ce ƙarya yake, amma Sai-da-Takarda kowa ya san zai iya. Shekara ashirin da biyu na gaskiya su suka ɗauki ƙaryarsa ta farko suka tsallakar da ita.

Fa'izu ya ce, “Wato suna ba ka waya, suna yi maka caji.”

“Suna yi.”

“Shinkahwar da kas sa anka kai, ita sunka ci sunka samu ƙarhin kashe ƙanena.”

Manu ya ce, “Allah shi jiƙanai.” Wannan ɓangaren dai ba ƙarya ba ne.

Dattawa suka fitar da shi suka yi shawara. Babbansu, wanda ya san baban Manu, ya ce mutumin da aka ɗora wa bindiga ba a yanke masa hukuncin mai ganganci. Amma kuma ba zai sake riƙe makullin abinci a Mafara ba, kuma su ba za su iya tsare masa ƙofa kullum ba. Kwana uku, ya kwashe iyalinsa. Dattawa biyu suka sa shi tsakiya suka ratsa da shi cikin samarin. Wani ya tofa masa yawu a kafaɗa. Da suka zo daidai dalbejiya Fiddausi ta taso, bakinta a buɗe. Manu ya dube ta ya daka mata tsawa, karo na farko tun da ya san ta.

“Ke mi kike yi nan cikin maza? Wuce gida.”

Ran Litinin ya je miƙa sito. Ya ƙirga buhu dubu ɗaya da ɗari biyu da sha huɗu a gaban sabon mai sito, wani ɗan ƙanwar Alhaji. Aka rubuta takardar miƙawa, ita ma sai da amincewarsa. Wannan karon ya ce shi zai rubuta kalmar da kansa. Ya ɗauki lokaci yana neman haruffa huɗun, ba wanda ya ce ya yi sauri. Ya karanta, ya yi bisimilla, ya danna. Sannan ya juya baya ya kwance makullin daga mazagi.

Kamilu ya leƙa ofishin babansa ya ce, “Alhaji, sunan?”

Alhaji bai ɗago ba. Ya ce, “Yi abin da ya kamata.”

Bai ma kai minti biyun ba.

Yanzu Manu yana Bakura, a ɗaki biyu bayan gidan yayan Taibatu. Hoton shafin ya riga shi isa, don haka a can ma gaisuwarsa gajera ce. In an shanya shanshera a bakin hanya shi ake ba aikin korar awaki, yana zaune da tsumagiya, leɓensa na motsi, yana ƙirga buhunan mutane. Duk ƙarshen wata Jafaru yakan tsaya da mota ya sauke rabin buhu, ya ce wata ce ta ce a kawo, ba ta faɗi suna ba. Manu yakan juya kusurwar buhun ya duba, ba alama, sannan ya ce, “Ina takardarshi?” Jafaru ya ce babu. Manu ya ce to shi bai karɓa ba. Taibatu ta fito ta ja buhun ciki.

Takardar Ofis 1 tana nan, bai yar ba, bai iya yar da takarda ba. Tana cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Taibatu takan ɗauko ta in yana waje, ta buɗe, ta nemi gurbin da ya nuna mata. Damina ta shiga gwangwanin, tawadar ta fara bajewa, wajen ninkin ya fara cinyewa. Ran nan ta kawo masa ita har bakin hanya inda yake zaune.

“Malam, dubi. Nan da wata damina ba mai iya karanta ta.”

Ya karɓa ya duba daga sama har ƙasa, ya ninke ta yadda take, ya miƙa mata.

“Na gani,” ya ce. Sai ya tashi, don wata akuya ta sa baki a shanyar mutane.